Doguwar Sujadar Kawu Ɗanjuma

Ku da kuke buɗe kwalbar lemo ku ji ta yi tsaki, ku kurɓa ku yi gyatsa, ba ku taɓa tambayar daga ina kumfar nan ta fito ba. Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida na ji biyu daga cikinku, 'yan jami'a, suna ta zuba Faransanci a kan wai yanzu an gano dabarar kama gas ɗin da ke cikin hayaƙin masana'antu a adana shi. Ɗaya har da cewa ai abu ne mai sauƙi, a sa bututu, a tara, a rufe. Na yi dariya har goro ya shaƙe ni. Ni Salisu, da hannun nan na kama hayaƙi na ɗura shi a tukunya, tun iyayenku suna tsaye a bakin titi da rigar jam'iyya suna tafi da rawa in mai ƙasa zai wuce. Kamawa aiki ne, ban musa ba. Amma ajiyewa ita ce ta kusa cin ran kawuna, kuma labarin ke nan da zan ba ku.

Ranar da na fara aiki a wani kamfanin lemo da ke hanyar tashar jiragen ruwa, ba a ba ni sifana ba, ba a ba ni safar hannu ba. Shugaban sashen gas, wani Ba'ewe, wato ɗan ƙabilar Ewe, gajere mai faɗin kafaɗa da muke kira Fo Komla, kyandir da ashana ya miƙo mini. Ya kai ni bakin wani rami da ke ƙarƙashin babban tanki, ya ɗaura kyandirin a waya, ya ce in kunna in zura a hankali. Na zura. Wutar tana ci lafiya lau, sai da ta kusa ƙasa ta yi ja, ta ƙanƙance, ta mutu kamar an hure ta. Na leƙa ban ga komai ba.

“Ba ka ganin shi, ba ka jin warin shi,” in ji Fo Komla da Hausarsa ta kasuwa, shi da kyandir ma buji yake ce masa. “Ya fi iska nauyi. Yana gangara kaman ruwa, ya nemi rami ya kwanta. Amma ka ji ni da kyau, kar ka yarda da buji duka-duka. Buji ya fi mutum taurin rai. Kanka zai fara ciwo, zuciya ta yi bugu, shi yana ci abinshi. In ka ga ya mutu, to wurin nan kai ma faɗuwa za ka yi.”

Wannan karatu na rana ɗaya ya fi mini duk abin da na koya daga baya amfani.

Ga yadda muke kama shi. Akwai tukunyar wuta da ake ƙona baƙin mai a cikinta, hayaƙin da ya kamata ya tashi sama sai mu karkata shi cikin wata doguwar hasumiyar ƙarfe, ruwa yana zubo masa daga sama ya wanke toka ya huce zafinsa. Daga nan ya shiga hasumiya ta biyu, inda wani ruwan magani ke jira. Halin maganin nan kamar na ɗan dako ne: in yana da sanyi ya ɗauki gas ɗin ya bar sauran hayaƙi ya wuce, in ka dafa shi ya sauke kayan. Sai mu tare abin da ya sauke, mu bi da shi ta wani ruwa shunayya mai kashe wari, mu busar da shi, mu tace da gawayi, inji ya matse shi, sanyi ya mai da shi ruwa. Kowane mataki da nasa rashin mutunci. In wuta ta yi baƙin hayaƙi, lemon wannan makon zai yi ɗanɗanon gareji. Fo Komla kan busa gas a kofin ruwa ya ba ni in kurɓa, ya tsaya yana kallon fuskata. In na yamutsa, a zubar da aikin duka.

Ɗura tukunya kuwa, wadda mu a Zongo, unguwarmu ta Hausawa, muke kira butel, ba da ido ake yi ba, da sikeli ake yi. Ka ɗora ta babu komai ka san nauyinta, ka ɗura, ka tsaya inda aka ce ka tsaya. Mai kwaɗayi ya ƙara, to ya haɗa wa wani bala'i, domin gas ɗin nan yana kumbura da zafi. A wuyan kowace tukunya akwai wani ɗan faifan ƙarfe da bai fi dala girma ba. An sa shi ne don in zafi ya yi yawa shi ya fashe, maimakon tukunyar ta tsage. Ku dubi bayan hannuna, wannan farin tabon ba wuta ba ce. Sanyi ne. Abin da ke fitowa daga bakin tukunya yana ƙona fata fiye da garwashi.

Wanda ya sa ni a wannan hanya kawuna ne, Alhaji Ɗanjuma, wan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure. Yana da ƙaramin wurin yin lemo a tsohon Zongo na tsakiyar gari: inji ɗaya na hannu, tukwanen gas, kwalabe, da mata huɗu masu wanki. Lemon citta da na tsamiya da ja na giranadin. Ya tura ni kamfani ne don in koyo aikin daga tushe, kuma don ya tabbata gas ɗinsa na hayaƙi ne. Akwai wani gas da ake tarawa daga randunan giya, abu ɗaya ne, amma je ka faɗa wa mutanen Zongo haka a watan azumi. Kawu kan daki ƙirji ya ce, “Lemona na wuta ne, ba na mashaya ba.” Da safe ina kamfani, in na tashi sai in turo masa tukwane a amalanke.

Ciniki yana tafiya. Ranar da aka tara jama'a rawar jam'iyya a rana, kwalba ko ɗaya ba ta kwana. Babbar mai sayenmu wata Ba'ewiya ce daga unguwar Bè-Kpota, ana ce mata Da Afi, ƙatuwar mace mai murya kamar ƙaho, mai sayar da lemo a cikin ƙanƙara da dusar katako. Ita kaɗai na san tana yi wa Kawu tsawa a kan ciniki ya yi dariya.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka ce mu koma arewa, can bayan gari. Ba a tambayi ra'ayin kowa ba, kuma lokacin ba a musu da gwamnati ko a cikin ɗaki. Na ga Kawu ya kwance injinsa da hannunsa, ƙusa bayan ƙusa, yana zuba su a aljihun riga. Da muka sauke kaya a sabon fili, babu bishiya, babu famfo, babu inuwar da akuya za ta fake. Wasu abokan sana'arsa suka sayar da injinansu suka koma sayar da goro. Shi kuwa ya kafa rumfar kwano ya ce gobe za a cika kwalba, ko da guda goma ce. Kuma an cika.

A makon nan ne rana ta gasa wata tukunya da muka jingine a jikin rumfa, ɗan faifan nan ya fashe. Ba za ku gane ƙarar ba sai kun ji. Wani farin hazo ya turnuƙe, mata suka watsar da kwalabe suka yi ta kansu, kafin la'asar ga jandarmomi biyu suna tambayar wa ya harba bindiga. A zamanin nan ƙara irin wannan tana iya kai mutum inda ba a kai masa abinci. Da kyar da lemo mai sanyi aka rabu da su.

Washegari Kawu ya kira magina. Filinmu ya faɗo a kan ɗan tudu, sai ya sa aka haƙa ƙasa zurfin ƙugun mutum, aka yi bango mai kauri, aka yi matakala da ƙofa ɗaya a samanta, da 'yar taga can kusa da rufi. Aka jera tukwane a ciki, aka haɗa su da bututun tagulla da ya bi ta bango har zuwa inji, don a huta da ɗauka da saukewa. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba, tun daga ranar faifai bai sake fashewa ba. Ina kamfani aka yi ginin. Da na dawo na ga rami, sai kyandirin Fo Komla ya faɗo mini a rai.

Ga kuma wani abu. Duk inda bututu ya haɗu da tukunya akwai 'yar roba mai kamar zobe da ke hana yoyo. A shekarar nan ba a samunta a kasuwa, sai Kawu ya sa wani baduku maƙwabcinmu ya yanka masa irinta da fata. Fata tana riƙewa in an shafa mata mai. In ta bushe sai ta soma saki a hankali, ba ƙara, ba alama. Nakan shafa ruwan sabulu a mahaɗa in ga kumfa tana tashi, in ɗaure, in canza, bayan kwana biyu wata ta soma.

To, a duk sabon Zongo babu wuri mai sanyi kamar ɗakin nan. Kawu ya sa aka share gefe ɗaya, ya shimfiɗa buzunsa, ya mai da shi wurin nafilarsa. Farilla a masallaci yake yi tare da jama'a, amma walaha da sauran nafiloli can yake sauka shi kaɗai. Ba a daɗe ba labarin ɗakin ya bazu. Ɓera ba ya zama a ciki. Kyankyaso in ya shiga da safe a share gawarsa. Wata kaza ta sauka yin ƙwai aka same ta a sanƙare. Mutane suka ce ɗaki ne mai tsarki, ba ya karɓar ƙazanta.

Wata rana bayan azahar Kawu ya kira ni gefe, fuskarsa a sake, irin sakin da ban gani ba tun da aka rushe gidanmu.

“Salisu, tun da nake salla ban taɓa jin abin da nake ji a ɗakin nan ba. Da na sa goshi a ƙasa sai zuciyata ta kama bugu, numfashi ya yi nauyi, gumi ya keto, hawaye ya zubo ba ni na kira shi ba. In na ɗago kaina ya yi ta sarawa yana juyawa. Ashe Allah ya raba mu da tsohon gida ne don ya ba ni wannan.”

Ya lissafa mini abin da Fo Komla ya lissafa, bai tsallake ko ɗaya ba. Na durƙusa na ce, “Kawu, ka yi mini afuwa. Wannan gas ne. Yana kwanciya a ƙasa, daidai inda kake sa goshi.”

Ya dube ni ya ce, “Wato tsoron Allah ma yanzu a butel kuke ɗura shi?”

“A fasa bango daga ƙasa ta gefen gangare, Kawu, ya samu hanyar fita. Ko a mai da buzun waje.”

“A fasa bango zafi ya shiga, jandarma su dawo? Kai ɗan nan, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

Lokacin ina da 'ya'ya biyu, amma a wurin Kawu ban wuce yaron da ya goya ba. Na ce a ba ni dama in gwada. Ya kira amininsa Malam Habu ladan, wanda tare suka yi karatun allo, ya ce ya zo ya ga ilimin kamfani. Na kunna kyandir na ajiye a kan buzu. Tun safe ƙofa a buɗe take ana shiga ana fita, na kuma canza fatun a ranar. Kyandir ya ci, ya ci, har ya ɗiga a kan buzu. Malam Habu ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce musu kyandir ya fi mutum taurin rai, Kawu ya ce to ai shi ke nan, shi ma ya fi kyandir. Na ji kunya, na ji haushi, amma ban sauka daga maganata ba.

Tun daga ranar na zama masifa a gidan. In na zo in buɗe ƙofar in danne ta da dutse, in na juya baya a rufe don kada sanyi ya fita. Na ɗauke buzun na rataye a rumfa, aka mayar. Na roƙi Fo Komla zoben roba, ya tattara mini 'yan tsofaffin da ya samu, ba su kai rabin mahaɗan ba. Na je wurin Hajiya matar Kawu, ta ce ita ma ta ga yana fitowa da jajayen idanu yana neman maganin ciwon kai, amma wa zai ce wa mutum ya rage ibada? Har aka soma cewa yaron nan zama da Ewe ya sa ya raina salla. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai, domin a sahun farko nake tsayawa. Na ce a faɗi abin da za a faɗa, ni dai ba zan wanke gawar Kawu a kan abin da na sani ba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Ana shirin wani babban taron rawa a gari, an yi odar lemo mai yawa, tun ranar Alhamis aka haɗa tukwane cike aka bar su a buɗe don a tashi da aiki. Juma'a ba ma aiki, ɗakin ya wuni ya kwana a kulle, ga zafi irin na kafin saukar damina. Ni kuma an riƙe ni a kamfani. Da hantsi na iso da amalanke, sai na tarar da Da Afi zaune a kan kwandonta a bakin ƙofar ɗakin, Malam Habu yana tsaye a saman matakala yana jan carbi, fuskarsa cike da sha'awa.

Da Afi ta ce, “Fo Salisu, Aladji ya daɗe fa. Ni ban san sallar ku ba, amma ya daɗe.”

Malam Habu ya ɗaga mata hannu. “Yi shiru, madam. Bawan Allah yana ganawa da Ubangijin shi.”

Na leƙa ta kafaɗarsa. Kawu yana sujada a kan buzu, goshi a ƙasa, babbar riga ta baje. Wanda bai sani ba zai ce masha Allah. Amma duk wanda ya girma a sahu ya san ƙafar mai sujada: dunduniya a sama, yatsu a tanƙware suna kallon alƙibla. Ƙafafun Kawu sun saki. Bayan ƙafar ya kwanta a ƙasa, dunduniyoyi sun watse gefe da gefe. Ga wani gurnani yana fita daga maƙogwaronsa.

Na ce, “Baba Malam, ba ni hanya.”

Ya buɗe hannuwa ya tare ƙofar. “Kul! Ba a taɓa mai sujada. Ko gaban shi ba a wucewa, balle a taɓa shi. Kana so ka ɗauki zunubin da ba ka iya sauke shi?”

Ku sani ba mugunta ce ta sa shi ba. Yana ƙaunar Kawu fiye da yadda nake ƙaunarsa ma wataƙila. Abin da aka koya mana ke nan dukanmu tun muna yara: in mutum ya tayar da kabbara, ko uwarsa ce ke kira sai ta jira. Ni kaina sai da na ja na tsaya. Mutumin da ya goya ni, a gaban Ubangijinsa, in je in ja shi kamar buhun masara? In kuma na yi kuskure, lafiyarsa ƙalau, da wane ido zan sake shiga Zongo?

Na ce, “Zunubin a kaina, Baba.” Na ɗauke shi cak na ajiye gefe, dattijo mai furfura, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na cika ƙirji da iskar waje, na riƙe, na sauka.

Na kama idon sawunsa biyu na ja. Buzun ya taho tare da shi har gindin matakala. Na sunkuya na sa hannu a hammatarsa, idanuna suna yaji, ƙirjina yana neman ya fashe, Kawu kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Na hau taki ɗaya, na biyu ya gagara. Sai na ga wasu manyan hannuwa sun sauko daga sama sun damƙi wuyan rigarsa. Da Afi ce, ta kwanta rubda ciki a bakin ƙofa. Ta ja, na tura, muka zube mu uku a rana.

Malam Habu yana ta salati, ban sani ba ko na ganin amininsa ne ko na ganin mace ta cakumi Alhaji. Na kwantar da Kawu a gefensa na kwance masa wuyan riga. Leɓɓansa sun yi duhu. Da Afi ta ɗauki faifan kwandonta tana yi masa fifita tana kiran, “Aladji! Aladji! Ba ka mutu yau, ban karɓi kaya na ba!” Hajiya ta fito ba mayafi. Can sai ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce da wata 'yar murya, “Wa ya katse mini salla?”

Na ce, “Ni ne, Kawu.”

Ya juyar da kai bai sake kallona ba. Aka kai shi inuwar rumfa, aka ba shi ruwa. Ni kuwa na kewaya na toshe bututun daga wajen inji, na dawo na zauna a bakin matakala da sifana a hannu, na ce babu mai sauka, ko kaza. Nan na wuni. Aikin odar ya tsaya, ban damu ba.

Bayan azahar sai ga shi yana tahowa, yana dafa Malam Habu, mutanen masallaci suna biye. Ya tsaya a gabana.

“Tashi. Zan rama sallar da ka ɓata mini a inda ka ɓata ta.”

“Ba zan tashi ba, Kawu.”

“Ni kake faɗa wa haka, a gidana?”

“Ka kore ni daga gidan, ka tsine mini in ka ga dama. Amma sai an sake gwada kyandir. In ya ci a kan ƙasan nan yau, da kaina zan shimfiɗa maka buzu, in kwashe iyalina in bar Zongo.”

Malam Habu ne ya ce a kawo kyandir, shi zai riƙe da hannunsa don kada a ce na yi wata dabara. Aka ɗaura a bakin doguwar gora. Ya yi bisimilla ya kunna, ya tsaya a saman matakala ya zura. Daidai tsayin ƙirjin mutum wutar tana rawa abinta. Daidai ruku'u ta soma ja. Ya ƙara saukarwa, kafin ta kai inda goshin Kawu yake ɗazu ta mutu murus, ɗan hayaƙinta ya kwanta a kan wani abu da ba a gani, ya baje kamar mai a kan ruwa. Ya ɗago, ya sake kunnawa, ya sake zurawa. Ta sake mutuwa a wuri ɗaya. Malam Habu ya ajiye gorar ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga.

Na yi zaton zan ji daɗin gaskiyata ta fito. Ban ji ba, domin na ga fuskar Kawu. An rushe masa gida bai yi kuka ba, abin da ya riƙe ya tsaya da ƙafarsa a sabon wuri shi ne ɗakin nan, ga shi na ƙwace masa a gaban jama'a. Ya daɗe yana kallon ramin. Sai ya ce, ba da ni yake ba, “Ashe duk hawayen nan gas ne.”

Ya ce a miƙo buzun, aka jawo shi da gorar. Ya kakkaɓe shi da kansa, ya shimfiɗa a tsakar fili inda ƙasa ke da sauran zafin rana, ƙudaje suna yawo, yara suna ihu a bayan katanga, ya tayar da kabbara. Raka'a biyu gajeru ya yi. Da ya sallame ya zauna jim, sa'an nan ya juyo ya dube ni a karo na farko tun safe.

“Wannan ta fi wuya, Salisu. Babu abin da ke taimakon mutum.” Ya shafa gemu. “To, da sauran aiki ke nan. Ina ka ce a fasa bangon?”

Kafin magariba mun fasa shi daga waje, ta gefen gangare, muka haƙa lambatu ya zarce bayan fili inda ba mai zama. Shi ya fara sara da diga duk da ciwon kan da ke damunsa. Washegari muka tashi da asuba muka cika odar Da Afi, ya ƙara mata akwati ɗaya, ta ce ai wuyan rigar da ta yaga ya fi haka tsada. Kawu ya ƙara shekaru masu yawa a duniya yana yin walaharsa a gindin darbejiyar da ya dasa a wurin da ya yi raka'a biyun nan. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban jira ba. Amma duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, kafin ya taɓa kwalba, Kawu kan miƙa masa kyandir da ashana ya ce, “Je wurin Salisu.”

Saboda haka ku masu karatu, in an ce za a kama gas a tura shi ƙarƙashin ƙasa, ban ce kada a yi ba. A yi, aiki ne mai kyau, kuma ina so in ga 'ya'yan Zongo a cikinsa. Amma bayan kun gama lissafin bututu da tanki, ku zagaya da ƙafa ku duba ina ne gangare, wa ke kwana a tabarma, wa ke sa goshi a ƙasa sau biyar a rana. Injiniyan da ya zana tukunyar nan a ƙasarsu bai san da buzun Kawu ba, ku kun sani.

Ni dai har gobe, in ina masallaci na ga mutum ya daɗe a sujada, ƙafarsa nake kallo. In na ga dunduniya ta soma karkata, sai in miƙa hannu in taɓa. An harare ni, an yi mini wa'azi, wani Alhaji a unguwar Agbalépédo har zagina ya yi bayan ya sallame. Na ce masa na gode, Allah ya ƙara lafiya. Mai zagi yana numfashi.